Albashi ba ya kai ƙarshen wata: ta ina magidanci zai fara tattali?

Tambaya: Ni malamin makarantar firamare ne a Kano, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Albashina kan ƙare kafin ashirin ga wata, sauran kwanakin kuma da bashin mai shago muke ƙarasa su. Waɗanne ɗabi'u ne masu sauƙi za mu riƙa bi a cikin gida domin kuɗin su ƙara auki?

Amsa: Malam, Allah ya buɗa, ya kuma sa albarka a cikin abin da ake samu. Kafin komai ina so ka cire wa ranka zargin cewa sakacinka ne kaɗai ya jawo wannan hali. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekarar. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a watan Yulin 2024, Jihar Kano kuma ta sa nata a 71,000, amma duk wanda yake zuwa cefane ya san cewa ƙarin bai cim ma kasuwa ba. Saboda haka ba zan ce maka tattali zai maye gurbin ƙarin samu ba. Abin da zai yi shi ne ya dawo maka da wani kaso na kuɗinka da yake tafiya ba tare da iyalinka sun ci moriyarsa ba.

A tsawon shekarun da na yi ina koyar da tattalin gida, ina kuma zama da ƙungiyoyin mata masu adashe, abin da ya fi maimaita kansa a gabana shi ne cewa mai ƙaramin ƙarfi ya fi mai hali biyan tsada a kan abu iri ɗaya. Dalili kuwa shi ne yana saye kaɗan-kaɗan, kullum, a hannun mai sayarwa na ƙarshe, a lokacin da buƙata ta matsa masa, sau da yawa ma a kan bashi. Gwangwanin shinkafa da aka auna a shagon unguwa yana ɗauke da ribar ɗan sari, da ta mai shago, da kuɗin mota, da kuɗin leda. Duk shawarar da zan ba ka tana komawa ga yadda za ku fita daga wannan sayen na kullum sannu a hankali.

Ku fara da rubutu. Ka sami ƙaramin littafi, kai da uwargida ku riƙa rubuta duk abin da ya fita na tsawon wata ɗaya, har da Naira hamsin ɗin alawar yara, ba tare da kun canza komai a yadda kuke rayuwa ba tukuna. Ina jaddada cewa ku biyu ne za ku rubuta, domin galibin mazan da suke kawo irin wannan tambaya hankalinsu yana kan madafa ne, alhali idan aka tattara lissafi sai a tarar da wani babban kaso a aljihun maigida yake zurarewa: shayin safe a bakin titi, tsiren dare, adaidaita sahu zuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa, katin waya, da ɗan abin da ake fitarwa a majalisa don kada a ji kunya. Ba na cewa a daina duka. Amma mace ba za ta karɓi maganar tsimi da zuciya ɗaya ba idan ta ga a kanta kaɗai ake son a yi shi, kuma tana da gaskiya.

Abinci ne ya fi cin albashin gida irin naka, don haka a nan zan fi daɗewa. Farashin hatsi a ƙasar Hausa yana da lokaci. A al'ada ya fi sauƙi da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da masara da wake da dawa suke shigowa kasuwa bi da bi, sannan ya fi tsada a tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sabon amfani kuma bai iso ba. Gidan da yake awo kullum yana bin wannan hawa da sauka ba tare da wata kariya ba. Kai kuwa kana zaune kusa da Dawanau, wadda take cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ga kuma kasuwannin ƙauye da suke ci mako-mako, inda ake saye kusan daga hannun manomi. Babban buhu yakan ɗauki kimanin kwano arba'in. Idan ba za ka iya sayen buhu kai kaɗai ba, ka nemi abokan aiki uku da ka yarda da su ku haɗa kuɗi, ku sayi buhu ɗaya, kowa ya ɗauki kwano goma, kuɗin mota ma a raba shi huɗu. Haka za a iya yi wa jarkar man gyaɗa ko manja, da katan ɗin taliya ko sabulu daga kasuwar Singa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin watanda da ake yi wa nama da Sallah ke nan, sai dai a faɗaɗa ta zuwa sauran kayan masarufi.

Akwai gargaɗi biyu a nan. Na farko, ka saya don ci, ba don jiran tashin farashi ba. Mutane da yawa da suka tara hatsi a ƙarshen 2024 da niyyar sayarwa da tsada sun yi asara a 2025 lokacin da farashi ya faɗi maimakon ya hau. Wanda ya ajiye abincin wata uku ko huɗu na iyalinsa kuwa, ko farashi ya sauka bai yi wata babbar asara ba, domin abincin yana nan kuma ya huta da bashi. Na biyu, hatsin da ba a iya ajiye shi ba asara ce ninki biyu. Wake musamman, idan aka bar shi a buhu haka kawai, ƙwari za su huda shi cikin 'yan watanni. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ajiya marar iska. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhu na uku a waje. Ana ɗaure kowane ɗaya daban, ƙwarin da ke ciki su cinye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Tsabtatacciyar jarka da ba ta taɓa ɗaukar fetur ko wani sinadari ba ita ma tana yin wannan aiki, muddin an cika ta har baki, an toshe murfinta sosai, ba a kuma riƙa buɗe ta kullum ba. Ina roƙon ka da ka nisanci zuba maganin ƙwari na gona a cikin abincin da yara za su ci, abin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha yin gargaɗi a kansa.

Sharaɗin duk wannan shi ne hatsin ya bushe sarai. Ana iya gwadawa da busasshen gishiri: a zuba shi tare da ɗan hatsin a cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi, sai a ƙara shanya. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar da ake dangantawa da ciwon dajin hanta, kuma dafawa ba ta kashe ta, saboda haka irin wannan ba abin da za a yi tsimi a kansa ba ne. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda danshi da ɓera. Niƙa kuma a riƙa kai na mako biyu a lokaci ɗaya, ya fi aiken yaro inji kullum, sai dai garin gero ba ya son daɗewa domin yakan yi ɗaci.

Kayan miya ma suna da nasu lokacin, kuma bambancin farashinsu ya fi na hatsi tsanani. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da noman rani na yankin Kadawa da Kura yake kan ganiyarsa, tumatir yakan yi arahar da har manoma suke kuka. Da zafi ya tsananta, damina ta kusato, sai ya koma abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, balle a shekarar da tsutsar nan mai cinye tumatir ta faɗa wa gonaki, kamar yadda ta yi a 2016. Iyayenmu sun warware wannan matsala da kauɗa tun da daɗewa. A sayi kwando a kasuwar Yankaba ko a bakin gona lokacin araha, a wanke, a yanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta a bisa wani abu mai tudu, a lulluɓe da yadi marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Tattasai, attarugu, kuɓewa da albasa duk suna karɓar shanya. Wasu matan kuma sukan markaɗa tumatirin, su dafa shi har ruwansa ya ƙone, su ɗura a kwalabe masu murfin ƙarfe, sannan su sake tafasa kwalaben a cikin ruwa. Hanyar tana aiki, amma tana buƙatar tsabta ƙwarai, kuma duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko warinta ya canza a zubar da ita. Ni na fi ba da shawarar kauɗa ga wanda zai fara, domin ba ta cin makamashi kuma kuskurenta kaɗan ne.

Ku kuma duba abin da kuke ci, musamman da safe. Shayi da burodi ga mutum shida kullum nauyi ne babba, domin yawancin alkamar da ake burodi da ita daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, madara da sukari ma haka. Koko ko kunun gyaɗa da ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya, sun fi riƙe cikin yaro har a tashi daga makaranta, kuma daga hatsin da kuka ajiye za su fito. Waken suya yana ba da awara da madara, yana cike gurbin nama a ranakun da ba a samu ba. Daddawa tana rage yawan dunƙulen da ake jefawa a miya. Idan akwai ɗan fili a tsakar gida, bishiyar zogale ɗaya da 'yan buhunan ƙasa da aka shuka alayyahu ko rama a ciki za su wadatar da ku da ganye, ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka kuma ya ishe su sha. Sannan uwargida ta riƙa auna abin da za ta dafa da gwangwani ɗaya tabbatacce maimakon ƙiyasin ido, domin abincin da ake kankarewa daga tukunya a zubar kowane dare kuɗi ne.

Game da kuɗin cefane, ina ganin ya fi kyau a riƙa bayar da na mako gaba ɗaya maimakon na kullum, idan hali ya yi. Matar da take riƙe da kuɗin kwana bakwai tana iya tsara girki, ta sayi abu da ɗan yawa, ta san ranar da za a ci nama da ranar da za a ci wake. Ku yi magana a fili tun farko a kan abin da za a yi da rarar da ta samu, kuma ya dace wani kaso ya zama nata, domin wahalarta ce ta samar da shi.

Sai makamashin girki. Ko gas kuke amfani da shi, ko gawayi, ko itace, ƙa'idar ɗaya ce: da zarar ruwa ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar da aka ba shi, saboda haka barin wuta tana ruri bayan tukunya ta tafasa ƙona kuɗi ne kawai. A rage ta, a rufe tukunya da murfin da ya dace da ita. A jiƙa wake tun da dare, zai nuna cikin ɗan lokaci. A gama yanka da jajjage da wanke-wanke kafin a kunna wuta. Idan murhun duwatsu uku ne a fili, iska tana kwashe mafi yawan zafin, don haka a kewaye shi da ginin laka ko a nemi murhu mai tsimin itace. Garwashin da ya rage bayan girki kuma a kashe shi a ajiye don gobe. Akwai wata dabara da mutane da yawa ba su gwada ba: bayan shinkafa ta tafasa na 'yan mintuna, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a cikin kwando, za ta ƙarasa nuna da zafin da ta riga ta ɗauka. Mai gas kuma ya tsaya a gaban sikeli lokacin da ake ɗura masa, ya riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo lokaci-lokaci, idan ya ga kumfa tana tashi to akwai yoyo, wanda asara ce kuma haɗari ne ga rai.

Maganar lantarki ta danganta da ko kuna da mitar kati. Idan kuɗin ƙiyasi ake kawo muku, kashe fitila ba zai rage takardar ba, abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne neman mita. Idan kuwa kuna da ita, lissafin a bayyane yake. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da yake ci awa shida kowane dare yana shan kusan yunit 11 a wata, alhali ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na wancan, bai kai yunit 2 ba. A gida mai ƙwai shida bambancin ya kai yunit 55 a wata, kuma ga waɗanda suke rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, da aka mayar da farashinsu sama da Naira 200 kowane yunit tun watan Afrilun 2024, wannan ya haura Naira 11,000. Ko a sauran rukunan da farashi bai kai haka ba, kuɗin sayen sababbin ƙwan yana dawowa cikin ɗan lokaci. Abubuwan da suke samar da zafi, wato hita da dutsen guga da risho na lantarki, su ne suka fi shan wuta, don haka a tara guga a yi ta sau ɗaya a mako, ruwan wanka kuma rana tana ɗumama shi kyauta a mafi yawan watanni.

Sauran ƙananan kafofin ba sa buƙatar dogon bayani. Famfo ko tanki mai ɗiga a gyara shi a ranar da aka gani, musamman a unguwar da ake sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, waya ta ƙara cin aljihu. Ka sayi data ta wata, ka hana bidiyo buɗe kansa. Cirar kuɗi a wurin mai POS sau goma a wata kuma biyan caji goma ne, alhali cira ɗaya ko biyu za su wadatar.

Inda tattalin wata da watanni yake rushewa a dare ɗaya shi ne Sallah da biki. Sallah ba ta zuwa ba zato, amma kowace shekara sai a jira goman ƙarshe na azumi, lokacin da Kantin Kwari ya cika maƙil, teloli kuma suka ɗaga kuɗin ɗinki. Yadin da aka saya aka ɗinka wata biyu kafin azumi shi ne dai wanda yaro zai sa ranar idi. Anko kuwa, ina faɗa da dukkan girmamawa ga zumunci, ba wajibi ba ne a shiga kowanne. Zuwa da ƙafa, da kama aiki, da gudummawa daidai ƙarfi sun cika haƙƙin ɗan'uwa, kuma yana da kyau ku yanke tun farkon shekara iyakar abin da gidanku zai iya fitarwa a wannan fanni, domin uwargida ta sami abin dogaro idan aka matsa mata. Alƙur'ani ya yabi bayin Allah da cewa idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa tsakani, kuma wannan ma'auni ya shafi biki kamar yadda ya shafi tukunya.

Ɓangaren ƙwauron ma yana buƙatar kulawa, domin akwai tsimin da yake jawo kashe kuɗi. Kada a rage wa ƙananan yara da mace mai ciki ko mai shayarwa abinci mai gina jiki. Kada a yanke shan magani a tsakiya don a ajiye saura. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, gidan sauro kuma ya fi jinyar zazzaɓin cizon sauro sauƙi nesa ba kusa ba. Takalmin makaranta, bokiti ko tukunya da za a yi shekaru ana amfani da su, a sayi masu ƙwari ko da sun ɗan fi tsada, domin araha ba ta ado.

Na san tambayar da take ranka: wanda albashinsa ba ya kai ƙarshen wata, da me zai sayi rabin buhu? Amsar ita ce a jera matakan, kada a ɗauke su lokaci ɗaya. A wata biyu ko uku na farko, duk abin da aka tsira da shi daga makamashi, karin kumallo, data da kashe-kashen aljihu a zuba shi a bashin mai shago har ya ƙare, domin mai cin bashi ba ya iya taya kaya kuma ba ya iya zuwa inda ya fi araha. Manhajojin ba da rance na waya kuwa kada ka kusance su, ruwan da suke ɗorawa ya fi ƙarfin albashi. Bayan an fita daga bashi, sai a ware wani adadi a ranar da albashi ya shigo, ba a ƙarshen wata ba, ko da Naira 3,000 ne, a sa shi inda hannu ba ya saurin kaiwa, ko asusu ko adashe. Idan adashe ne, ka shiga da mutanen da ka san inda suke aiki da inda suke kwana, a rubuta sunaye da ranakun zubi, sannan ka roƙi a ba ka kwasarka a watan Nuwamba ko Disamba domin ta faɗo daidai lokacin kaka. Uwargida ita ma, idan tana nata adashen, ta nemi kwasar Fabrairu saboda tumatir da tattasai.